Jarka Huɗu Daga Kaduna Zuwa Kafanchan

Yayana dillalin motoci ne, irin masu shigo da na hannu daga Turai ta tashar Legas. A cikin kayan da suka iso masa bara har da wata motar da bai yi oda ba, abokin cinikinsa na Jamus ne ya haɗo masa a madadin wani tsohon bashi. Mota ce mai ɗaki, ƙirar Fiat Ducato, fara, da ƙaton goshi a saman direba wanda gado ne a cikinsa. Akwai kicin, akwai firji, akwai banɗaki da shaya, ga teburin da ake saukarwa ya koma gado. Ta daɗe a filin da yake ajiye motoci a Kawo. Kowa ya zo sai ya shiga ya ɗauki hoto ya fita, mai saye kuwa ko tayi babu. Ran nan Kawu ya ce tunda ta ƙi sayuwa, a kai shi Kafanchan da ita ya duba wani tsohon abokin aikinsa na reluwe da ya ji yana fama da jiki. Da wasa aka fara maganar, sai ga ta ta zama gaske.

Mu huɗu ne: Kawu, Yaya, ɗansa mai shekara 15, sai ni. Yaya ke da sitiyari, yaron ke da taswirar waya, Kawu ya riƙe ba da umarni. Ni aka bar wa ruwa, don a gidanmu na Badarawa ni ke hawa duba tanki, ni ake kira in famfo ya yi shiru.

Tankin motar yana ƙarƙashin kujerar cin abinci. Na farar roba ne, an rubuta lita 100 a jikinsa, wato jarka huɗu cif irin 'yar rawayar nan mai lita 25. Yana da babban murfi a sama wanda hannu ke shiga, amma bakin ɗura ruwa yana waje a jikin motar, da murfinsa mai makulli. Wani ɗan inji mai aiki da batirin ɗakin ne ke tura ruwan zuwa famfon kicin, da na banɗaki, da shaya, da masai. Da ka buɗe famfo ƙarfin ruwan cikin bututu ya ragu, sai ya tashi da kansa, ka rufe ya yi shiru. A ƙarƙashin motar akwai wani tankin daban mai tara ruwan wanka da na wanke-wanke, masai kuma da nasa akwatin da ake zarowa ta waje. Sai allo a saman ƙofa mai 'yan fitilu huɗu: kwata, rabi, uku cikin huɗu, cike. Allon nan Yaya ke nuna wa 'yan kallo da alfahari, shi ne kuma ya fi komai wahalar da ni a tafiyar.

Da na buɗe babban murfin, wari ne ya fara yi mini sannu da zuwa. Sauran ruwan da aka baro tun can ya sha watanni cikin zafin Legas da na Kaduna, jikin tankin ya yi santsi. Ruwan da ya kwanta cikin ɗumi tsakanin digiri 20 zuwa 45 shi ne wurin da ƙwayar cutar Legionella ke yaɗo, kuma ba sai an sha ba, shaƙar feshin shaya ma na iya kai ta huhu. Na zubar, na zura hannu da soso na dirje, na cika da ruwan kulorin mai ɗan ƙarfi, na buɗe kowane famfo har warin ya fito ta bakinsa, sannan na bar shi ya kwana. Washegari na yi ta ɗauraya har warin ya tafi.

A nan muka yi 'yar jayayya da Yaya. Shi ya ce Turawa ba sa tafiya da tanki a cike, har ya nuna mini wani ɗan makunni a cikin tankin da in ka murɗa zai zubar da ruwan ya bar kusan lita 20 kawai. Gaskiyarsa ne. Lita ɗaya kilo ɗaya ce, cikakken tanki kilo 100, nauyin babban mutum da jakarsa. A can lasisin ƙaramar mota ba ya wuce kilo 3,500, ana kuma auna su a hanya a ci tara, shi ya sa suke tsimin kowane kilo. Sannan duk inda suka sauka akwai sansanin irin waɗannan motoci da famfo mai ƙarfi, ka saƙala tiyo, cikin minti biyar ka cika. Na ce, "Yaya, tsakanin Kujama da Kachia wane sansanin za mu samu?" Ya yi dariya ya ce in cika. Na cika daga rijiyar burtsatsen maƙwabcinmu har ya yi ambaliya ta ƙasa, muka ƙara buhunan ruwan leda na sha, kowane buhu naira 500, don na riga na yanke cewa ruwan tanki na wanka da alwala da wanke-wanke ne, ba na baki ba.

Sai da rana ta fito sosai muka tashi, don duk wanda ya san hanyar Kachia ba ya bin ta da duhu, ko na asuba ko na magariba. Hunturu ne, hazo ya rufe kogin Kaduna da muka hau gada. A Sabon Tasha muka tsaya shan mai. Ina cikin kicin ina gyara kwanuka sai na ji ana kiciniya a jikin motar. Leƙowar da zan yi, yaron gidan man ne riƙe da kan tiyon dizal a hannu ɗaya, ɗaya hannun yana ta murɗa murfin ruwa. Bakin mai na wannan motar a jikin ƙofar gaba yake, shi kuwa ya ga murfi a gefe ya ɗauka nan ne. Makullin nan kaɗai ya cece mu. Dizal in ya shiga tankin roba warinsa ba ya fita da wanki, sau da yawa sai dai a canza tankin da bututunsa. Tun daga nan duk gidan man da muka shiga ni ke fara sauka in tsaya da bayana a jikin murfin.

Muka wuce matatar mai, Maraban Rido, Kujama, Kasuwan Magani. Ba mu ratse Kajuru ba, ko da yake Kawu ya so a kai motar ta gaisa da gidan dutsen nan da wani Bajamushe ya gina a shekarun 1980, wai 'yan gari ɗaya ne.

Shingayen bincike kuwa ba mu wuce ko ɗaya a tsaye ba. Ba takura ba ce, mamaki ne. A na farko wani matashin soja ya leƙo ta tagar Kawu ya ce, "Baba, sannu da hanya. Wannan motar asibiti ce?" Kawu ya ce, "A'a ɗana, gida ne. Haya ta yi tsada muka sa masa taya." Ya nemi ya ga ciki, ya shiga da takalminsa a hankali kamar mai shiga ɗakin surukai, ya murɗa famfon kicin, ruwa ya zubo. Sai ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira, shi ma ya zo ya murɗa, ya shiga banɗaki ya murɗa na can. A wani shingen an duba takardun kwastam da na mota aka miƙo mana, amma sai da aka buɗe famfo tukuna. Kowa ya ji daɗi, mun sha addu'ar sauka lafiya, ni kuwa ina tsaye ina jin kukan ɗan injin nan ina lissafi. Ina duba allo, a kan hanya ba ya gaya maka komai: in an taka birki ya ce cike, in an hau tudu ya ce rabi, don ruwan tangal-tangal yake yi a ciki. Sai an tsaya a wuri mai daidai an ɗan jira kafin a karanta shi.

A Crossing, inda hanyar Ladduga ta rabu, muka sayi fura da nono wurin matan Fulani, muka isa Kachia kafin azahar.

Ba mu yi niyyar kwana a nan ba. Wani Alhaji mai sayen citta, tsohon mai cinikin Yaya, shi ya ce yana son ya ga motar, da ya gan ta kuma ya rantse ba za mu wuce ba sai mun kwana. Muka shigar da ita farfajiyar sitonsa, wurin duk ƙamshin busasshiyar citta, har yana sa atishawa. Ya ba mu labarin cutar da ta faɗa wa gonakin citta a daminar 2023, yadda manoma suka wayi gari ganye ya yi rawaya, saiwa ta ruɓe a ƙasa, iri ma ya gagara. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar taushe, da dare kuma shayi mai citta da ya fi ƙarfin maƙogwaron yaronmu. Tsakanin la'asar da isha'i iyalan Alhaji da na maƙwabta suka yi ta shigowa kallo rukuni-rukuni, kuma ba wanda ya fita bai taɓa famfo ba. Mu ma muka yi alwalarmu a famfon banɗaki, yaron ya yi wankan shaya yana waƙa. Kafin in kwanta na danna allo, ya ce rabi.

Da asuba Kawu ya buɗe famfo zai yi alwala, sai famfon ya yi tari, ya tofo iska da ɗan ruwa, injin ya kama wani kuka mai kaifi ba tsayawa. Na yi maza na kashe shi. Na danna allo: rabi. Muka ari buta a masallacin unguwa.

Da gari ya waye na ɗaga kujera na buɗe murfin na haska tocila. Ruwan da ya rage bai fi tsayin yatsa ba, ya taru a kusurwa ɗaya. A nan na ga yadda ma'aunin yake aiki. Wasu siraran sandunan ƙarfe ne ke rataye daga sama, kowace da tsayinta. In ruwa ya taɓa sanda, 'yar wutar lantarki ta ratsa ta cikin ruwan, sai fitilarta ta kama. Abu biyu ne suka haɗu suka sa shi ƙarya. Farfajiyar Alhaji gangare ce, sauran ruwan ya tattaru ta wajen sandunan ya bar bakin da injin ke zuƙa a bushe. Sannan sandunan sun yi wani farin ɓawo mai tauri, irin wanda ke kama gindin butar shayi, ga alama tun ruwan can Jamus ne ya bar shi. Ɓawon yana riƙe danshi, wutar ta bi ta jikinsa, allo ya ɗauka ruwa na nan. Kulorin ba ya cin wannan ɓawon, tsami ke cin sa. Na sayi lemun tsami wurin mai shayi, na kwance sandunan na jiƙa su a kofi, suka yi ta 'yan kumfa, na goge da soson ƙarfe har suka yi ƙyalli. Ko da ya gyaru ma, fitila huɗu ba ma'auni ba ce ta ƙwarai. In ya ce rabi, yana iya zama lita 50, yana iya zama 70. Bambancin nan kuwa wankan mutum biyu ne.

Tiyon da na taho da shi, fari mai tsabta wanda aka yi don ruwan sha, bai yi mini rana ba, don famfon da za a saƙala shi babu. Alhaji ya aika aka kira ɗan garuwa, wani dattijo ɗan Zamfara, ya turo kurarsa har gindin motar. Na ce, "Baba, daga ina ruwan?" Ya ce na burtsatse ne, ya nuna mini tankin da hannu. Na bi jarkokin ɗaya bayan ɗaya ina shinshinawa. Yawancinsu tsofaffin na man girki ne, ba laifi, amma guda tana ɗan warin kananzir, na ce a ajiye ta gefe. Bai ji haushi ba, ya ce matan gari ma haka suke yi masa.

Ɗura ruwan ne aiki. Bakin yana daidai ƙirjin mutum, kuma a kwance yake kallon gefe, ba a yi shi don jarka ba. Za a iya shigo da jarkar ciki a zuba ta babban murfi, amma daɓen motar katako ne, ruwan da ya malale ƙarƙashinsa ruɓar da shi zai yi a hankali. Sai na yanke gindin robar ruwa ta zama mazurari, na cusa guntun tiyo a bakinta, na shimfiɗa farin ƙyalle a kai don tace ƙasa da ƙura. Dattijon ya ɗora jarka a kafaɗa, yaronmu ya riƙe mazurari. Zubin farko da ya yi da ƙarfi, iskar cikin tankin ta rasa hanyar fita, ruwan ya yi gyatsa ya dawo ya jiƙe su har gwiwa. Dole a hankali, siriri, kana jin ƙugi-ƙugin shigarsa. Ni kuma ina ciki a durƙushe da wata wankakkiyar sandar gora. Duk jarkar da ta ƙare sai in tsoma sandar ta babban murfi in yi tsaga da wuƙa inda ruwa ya tsaya. Tsagogin ba su zo daidai da juna ba: tazarar ta farko ta fi sauran tsayi, don ƙasan tankin a matse yake, an lanƙwasa shi ya kauce wa mazaunin taya. Bayan ta uku na ɗaure murfin tamau, in ba haka ba ta nan zai yi ambaliya cikin ɗaki. Ta huɗu ba ta ƙare ba ruwa ya fara tsiyaya ta bututun da ke ƙarƙashin motar, yaran da suka kewaye mu suka ɗauki ihu wai mota na fitsari. Jarka naira 150 ce, na ba shi 1,000 saboda kafaɗarsa da jiƙewar wandonsa. Na zuba maganin kulorin na ruwan sha gwargwadon abin da aka rubuta a kwalbar, na ce kada a taɓa famfo sai bayan rabin awa.

Kafin mu tashi na tara su na yi musu gwaji. Na tara robar lita ɗaya da rabi a famfon kicin, ban ƙirga 15 ba ta cika. Injin kusan lita 7 yake turowa a minti. Mai alwala a buɗaɗɗen famfo, in ya yi minti biyu, ya zubar da fiye da rabin jarka, mu huɗu kuma sau biyar a yini. Kawu ya karɓe zancen, ya ce ai ya tabbata a hadisin Anas cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wasallam, da mudu ɗaya yake alwala, wanka kuma da sa'i zuwa mudu biyar, mudun nan kuwa bai kai lita ba. Aka sayi buta biyu a kasuwa. Doka ta zama: alwala da buta, wanka da bokiti da kofi ko da a cikin banɗakin ne, kwanuka a goge maiƙonsu da takarda kafin su ga ruwa, masai sai larurar dare don shi ma daga tankin yake sha. Baƙo in ya zo kallo, a kashe injin tukuna, a ce masa an ɗauke ruwa. Ba wanda ya taɓa musu, kowa ya saba jin haka a gidansu.

Daga Kachia zuwa Zonkwa hanya ce mai ramuka a wasu wurare, kwanuka na ta kaɗe-kaɗe a kabad. Ƙasa ta fara canzawa, duwatsu da itatuwa masu duhu duk da rani. Bayan Madakiya muka ratse zuwa Matsirga, inda ruwa ke faɗowa daga kan dutse. Ruwan ya ragu da yake ba damina ba ce, amma har yanzu yana faɗowa daga tsayin da ya haura mita 20, tun daga nesa kana jin rugugi, in ka matsa feshinsa ya sanyaya maka fuska. Yaron ya dube ni ya ce, "Baffa, ga ruwa kyauta, mu ɗebi na tanki mana." Na ce a'a. Ruwan kogi ne, ya biyo ta gonaki da mashayar shanu da wuraren wanki kafin ya iso nan, komai haskensa a ido. Ga lakar da ke cikinsa, ita ce za ta toshe 'yar matatar da ke gaban injin, ta kwanta a ƙasan tanki ta zama abincin santsin da na sha wuyar kankarewa. Bokiti biyu muka ɗiba muka wanke gilashin gaba da ƙafafunmu.

Kafanchan garin reluwe ne, ko yanzu da jiragen suka yi shiru kana gani a tsofaffin gidajen ma'aikata da layukan da ciyawa ta cinye. Nan layin da ya taso daga Fatakwal ta Inugu da Makurɗi ya rabu, ɗaya ya nufi Kaduna, ɗaya Jos, wanda aka buɗe a 1927. Abokin Kawu dattijo ne Bajju, ya rame amma ya samu sauƙi, yana zaune a kujerar katako a ƙofar gida. Da ya ga wanda ke saukowa daga motar sai ya miƙe ba sanda, suka rungume juna suna "mutumina, mutumina", kowa na share ido. Mama, matarsa, ta yi mana faten acca da yakuwa, ta ce ba mai kwana a mota a gidanta sai dai yara. Kawu da Yaya suka samu ɗaki, ni da yaron muka kwana a motar.

Da dare ana hira a tsakar gida Yaya ya ba da labarin ƙaryar allo yana tsokanata da sandar gora. Baba, abokin Kawu, ya ce a kawo sandar ya gani. Ya jujjuya ta, ya shafa tsagogin da babban yatsa. Shi ashe ya riski ƙarshen zamanin jirgin gawayi, yana cikin masu zuba wa injin wuta. Ya ce a wancan aikin ruwa ya fi gawayi tsoratarwa. Jirgi na tsayawa a tasha a ƙarƙashin ƙaton tanki a zuba masa, amma abin da idonka ba ya barin kallo shi ne gilashin da ke nuna ruwan cikin tukunya. Gilashi biyu ne, ba ɗaya ba, don kowanne na iya toshewa ya tsaya a wuri ɗaya yana nuna maka ruwa alhali babu. Duk wanda ya karɓi aiki sai ya buɗe ƙasan gilashin ya ga ruwan ya sauka ya sake hawowa. In bai motsa ba, ba a yarda da shi. In ruwa ya sauka ƙasa da rufin murhu ƙarfen zai yi laushi, shi ya sa ake sa wata toshiyar darma da za ta narke ta yi gargaɗi kafin tukunya ta fashe. Ya miƙo mini sandar ya ce, "Ɗana, riƙe ta. Allonka ɗaya, wannan biyu."

Cikin dare, gari ya yi tsit, sai na ji injin ya yi "durr" na ɗan lokaci ya tsaya. Can an jima ya sake. Ba wanda ya buɗe famfo. Injin da ke tashi shi kaɗai yana gaya maka ruwa na fita ta wani wuri ke nan. Na bi bututu da tocila ina shafawa, na samu danshi a kabad ɗin ƙarƙashin wurin wanke-wanke. Girgizar ramukan Zonkwa ta sassauta wani ɗan zoben ƙarfe mai ɗaure tiyo, yana ɗiga ɗaya-ɗaya. Na ɗaure da sukundireba, na goge katakon. Daga ranar injin a kashe yake kwana, a kashe yake tafiya, don in tiyo ya zare muna kan hanya zai juye lita 100 cikin ɗaki ba wanda ya ji saboda ƙarar mota.

Sanyin safiyar Kafanchan ya fi na Kaduna cizo. Yaya ya ce a kunna tukunyar ruwan zafi ta motar mai aiki da gas. Ta yi aiki, amma da kuɗinta: ita kanta lita 10 take ɗauka daga tanki kafin ta cika, sannan duk buɗewa sai ruwan sanyin da ke cikin bututu ya gama zuba kafin mai zafi ya iso. Na sa a riƙa tare wannan a buta. Ana cikin haka yaron ya fito daga banɗaki ya ce ruwa ya ƙi tafiya, yana dawowa ta rariya da kumfa. Tankin ƙazamin ruwa ne ya cika. Mutum yana ta kallon abin da ke shiga, ya manta duk abin da ya fita daga famfo yana nan a ƙarƙashinsa bai je ko'ina ba. A Turai akwai ramin da ake hawa da mota a buɗe. Mu da bokiti muka yi ta jida zuwa kwatamin bayan gida, nesa da rijiyar Mama, don ita ce ruwan shan gidan.

Daga wannan rijiyar muka sake cika tanki. Da guga ake ja, kuma da yake rani ya fara ja da ita ƙasa, ruwan na da ɗan gurɓi. Mama ta kawo alam ta jefa ɗan ƙanƙani a babban baho ta juya, ta ce a bar shi. Kafin mu gama karin kumallo lakar ta kwanta, saman ya yi garau. Shi muka kwasa a hankali, ta ƙyalle, sannan kulorin, don kulorin ba ya aiki sosai a ruwa mai laka. Ba ta karɓi ko sisi ba, har faɗa ta yi da Yaya ya sa hannu a aljihu. Da sandar na gane mun koma shan ƙasa da jarka biyu a yini mu huɗu, ban da na sha. Masu aikin agaji lita 15 suke ƙiyasta wa mutum ɗaya a yini a sansanin gudun hijira, mu da gidanmu mai taya kusan a nan muka tsaya, kuma ba wanda ya yi ƙorafin datti.

Mun leƙa Kagoro muka ga dutsen da ya tokare garin, muka sayi zuma. A dawowa muka biyo ta Kwoi, kusa da Nok inda masu haƙar kuza suka fara tono gumakan yumɓu a 1928, amma Kawu ya gaji, ba mu tsaya ba. Wannan karon na bi shawarar Yaya: tunda gida muka nufa, jarka ɗaya kawai na bari a ciki, na zubar da ƙazamin tun kafin mu tashi. Yaya ya ce ya ji motar ta yi sauƙi a hawan tudu. Muka sake bi ta Kachia, muka shiga Kaduna da la'asar sakaliya. Tafiyar wajen kilomita 200 ce kowane ɓangare, motar na shan lita 11 zuwa 12 a kilomita 100, dizal kuma ya haura naira 1,000 a lita, don haka mai ne ya cinye kuɗin. Duk abin da muka kashe a ruwan tanki bai kai kuɗin lita biyu na dizal ba.

Da muka sauke kaya na zubar da sauran ruwan, na buɗe magudanar tukunyar zafi, na bar famfuna da babban murfi a buɗe don ciki ya sha iska, na rufe bakin da gidan sauro saboda ƙadangaru. Kawu tun a hanya ya fara zancen Yankari bayan sallah. Saboda haka na je Panteka da robar nan da na yanke, na nuna wa wani maƙerin farin ƙarfe, na ce ina son mazurari mai faɗin baki, mai lanƙwasasshen wuya, da ƙugiyar da za a rataye shi a jikin mota, da raga a ciki. Ya auna bakin tiyon da zare, ya tambaye ni ko na injin niƙa ne. Na ce na mota ne, ruwa take sha ta gefe. Ya ce naira 4,000, in dawo ranar Asabar, kuma in zo da motar ya gani.